Tsamiyar da Malam Tasi'u Ya Matse

Akwai wanda ya ba Malam Tasi'u muguwar shawarar nan, kuma yana unguwar nan yana yawo da babbar riga. Allah ya isa. Ku matso, ku rage murya.

Malam Tasi'u fiziks yake koyarwa a sakandare. Ya gaji fili mai tsohuwar tsamiya, wadda kowa ya san akwai mai ita. Sarewa ba ta taso ba. Sai aka ce masa ya kewaye ta da katanga, duk shekara ya matso da bango ya fitar da ɗakin haya. Wai in wuri ya ƙure, mai ita za ta gaji ta kwanta.

Shi kuwa ya fi kowa sanin ƙarya ne. Da bakinsa yake gaya wa ɗalibai cewa ilektiron, ɗan ƙwayar nan ta lantarki, in aka kulle shi a akwati ba ya taɓa zama shiru. Kaɗawa yake kamar tsirkiyar gurmi, in ka rage mata tsawo amonta ya ƙara tsini. Ƙarfinsa kuma hawa-hawa ne, ba a samunsa tsakanin hawa biyu.

Ranar da magina suka matso da bango karo na uku, bayan an tashi, rana tsaka, ya koma aji ɗauko jakarsa. Tsit. Sai wata tsohuwa a bencin baya, ta ƙura wa zanen akwatin ilektiron da ke kan allo ido. Ƙafafunta ba su taɓa ƙasa ba.

Ta tambaye shi, in aka rage faɗin akwatin da rabi, yaya ƙarfin na ciki yake komawa. Muryar siririya, kamar sauro a kunne. Ya ce ninki huɗu.

Sai ga ta a bencin tsakiya. Bai ga tasowarta ba. Sai ga ta a na gaba.

"Sau uku kana rage nawa akwatin da rabi, ɗan nan. Yi lissafi."

"Sittin da huɗu, Iya."

"To, ya yi mini yawa. Ɗauki rabi."

Ta dafa ƙirjinsa da yatsa ɗaya. Sanyi ƙalau.

Ya tsira da ransa, amma tun ranar bai ƙara zama ba. Ko sallah a tsaye yake yi, jiki na ɓari. 'Yan'uwa suka kulle shi a ɗaki, abin ya ƙaru. Suka mai da shi ƙaramin ɗaki, sai da ya ɓalle ƙofa. Ya roƙi magina su rushe katangar, ba wanda ya yarda ya ɗaga guduma.

Kada ɗayanku ya bi lungun tsamiyar nan shi kaɗai. Mai musu kuma ya je gobe da azahar, ya dafa bangon, ya dawo ya dube ni ya ce bai ji yana kaɗawa ba.