Hular Takaba

Na durƙusa a kansa ina jijjiga shi, 'yan kallo kuwa sai tafi suke yi min.

"Royce... Royce, buɗe idonka, masoyina."

Bai buɗe ba. Leɓɓansa sun kumbura suntum, numfashinsa na fita da ƙyar kamar ana fito. A wuyansa, saman kwalar rigar ulu, na ga inda zuma ta harbe shi.

"Yarinyar nan ta iya kuka," in ji wata tsohuwa daga bayan igiya.

Ban ga laifinta ba. Duk shekara haka muke yi a filin nan na Pennsylvania. Maza su sa kayan sojan tsohon yaƙin basasar Amurka, su harba bindiga ba harsashi, su zube kamar matattu. Mu kuma mu fito cikin baƙaƙen kaya muna neman gawar mazajenmu. Kuka ne aikina ranar. Wa zai raba na gaske da na wasa?

Royce ba sa shiri da zuma. Harbi ɗaya, maƙogwaronsa ya toshe, sai an soka masa allurarsa nan take. Babana kuwa shi ne kanar ɗin rundunarsu, mutum ne da ba ya yarda da kayan zamani a fili, zai kori soja a kan maɓallin roba ɗaya.

"Wanda ya fara zuwa filina da agogon batir ba zai auri 'yata ba," haka yake cewa a kan Royce.

Sai Darlene, wadda ta riga ni son Royce, ta kai wa Baba gulmar wai akwai kayan zamani a jakar Royce. Baba ya ce da safe zai caje kowa.

"A mota zan bar allurar, Nadine. Yau ɗaya ce," in ji Royce.

"Zumar ta san yau ɗaya ce?"

"In babanki ya ga allurar roba a jakata, na rasa ki ke nan."

Ya yi dariya ya wuce. Ni ban yi ba. Na ɗauko allurar na cusa ta cikin shafin hular takabata, wajen ƙeya, na ɗinke. Rabin hulunan matan sansanin nan daga hannuna suka fito, amma wannan ce abin alfaharina: baƙar siliki, mayafi har ƙirji, ba inda keken ɗinki ya taɓa ta.

Yanzu na fizge ta daga kaina, na kai farce zan farke ɗinkin.

Ya ƙi.

Kaico! Hannu ya riga ya saba. Ƙananan ɗinki na yi, a matse, da zare mai kakin zuma, irin wanda nake cika baki cewa sai jika ya gada. Farcena ya karye. Na sa haƙori, ya ƙi.

"Likita! A taimake ni!"

Likitan wasan ya ɗago min zartonsa daga nesa, yana ɗaure wa wani ƙafa da jinin ƙarya.

"Nadine, kina taka min hannu," in ji wata gawa a gefena, ido a rufe.

Fuskar Royce ta fara sauya launi. Tsoron da na ji bai da suna. Zai mutu a hannuna, maganinsa na hannuna, ana yi min tafi.

Sai ga inuwar Baba a kaina.

"Ke! Kai ba hula a gaban jama'a?"

"Baba, allurarsa tana ciki... na kasa farkewa... Baba, mutuwa zai yi."

Ya dubi Royce, ya dube ni. Ya zare takobinsa ya tsarge hular gida biyu, allurar ta faɗo cikin ciyawa. Ni da na girma da allurar ɗinki, wannan ban taɓa soka wa kowa ba. Na rufe ido na danna ta a cinyarsa, ta saman wando.

"Medik!" Baba ya daka tsawa.

Kalmar kiran likitan gaske ke nan, wadda tsoro ya mantar da ni. Ba ta zamanin yaƙin ba ce, shi ya sa ba a faɗinta sai abu ya zama gaske. Nan take matattu suka miƙe, tafi ya tsaya cak.

Royce ya ja numfashi. Ya sake ja.

"Kin... ɓata hularki," ya ce da wata shaƙaƙƙiyar murya.

Sai a lokacin na fashe da kukan da ba wanda ya tafa masa. Darlene na tsaye can, hannu a baki, ko kallonta ban sake yi ba.

Da za a sa shi a motar asibiti, Baba ya riƙe gadon da aka ɗora shi.

"Wawa kawai. Don ka burge ni za ka mutu min a fili?"

"Yallaɓai, 'yarka nake so."

Baba ya saki gadon. Ya sunkuya ya tsinto guntun silikin hular nan, ya jujjuya shi, ya jefar.

"Kada ki gyara ta," ya ce da ni. "Ki fara ɗinka fara, ta amarci."