Tagar da Aka Ce Kar a Rufe

Zare na fita saye, wallahi zare kawai, baƙi guda ɗaya. Shagon bai fi tafiyar minti biyar ba, rana kuma tana shirin faɗuwa.

Ni tela ne. A gidan da muka baro sau biyu ɓarayi suna yashe ni, na biyun har keken ɗinkina suka ɗauke da kayan mutane. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Shi ya sa ranar da muka kama hayar sabon gida, tun matata ba ta gama shimfiɗa tabarma ba na aika wa mai walda.

Mai gidan wata tsohuwa ce marar yawan magana. Sharaɗi ɗaya ta kafa min. A uwar ɗaki akwai ƙaramar taga can sama kusa da silin. Ta ce in sa ƙarfe duk inda na ga dama, ban da nan. Na tambayi dalili.

"Akwai wanda ya riga ku zama a ɗakin," ta ce. "Da magariba yake fita ta nan. In an bar masa hanya, ba ruwansa da kowa."

Na ce to, Inna. A raina na ce tsufa ne ke ɗawainiya da ita. Ta irin tagar nan aka zura sanda mai ƙugiya aka zare min sakata a wancan gidan, ni za a gaya wa? Tana juya baya na sa mai walda ya gitta rodi mafi kauri. Da ya gama ya buga shi da guduma, ya ce ko aljani bai isa ya wuce nan ba. Muka yi dariya, har da tafawa.

Kwana biyu a jere, duk magariba sai ɗakin ya ɗauki ƙaurin gashi. Muna jin kamar ana kartar ƙarfe da farce. 'Yata, shekararta shida, sunan mahaifiyata ta ci don haka Mamana nake kiranta, ta ce min wani yana kuka a sama. Na ce ɓera ne, na ce ta rufa min baki.

Rana ta uku matata tana asibiti jinyar ƙanwarta, zare ya ƙare min. Mamana ta riƙe min riga ta ce in tafi da ita. Ta rasa takalminta ƙafa ɗaya, ni kuma ina sauri. Na daka mata tsawa, na tura ta ciki, na danna kwaɗo uku ta waje. Har na ji daɗi da ƙarar su.

Da na dawo layin ya yi tsit. Tun daga nesa ƙaurin ya tare ni.

Sai na ji duka. Dum. Dum. Kamar ƙato yana jifar ƙarfe da jikinsa.

Na zura mukulli. Ya shiga, ya ƙi juyawa. Kwaɗon zafi zau, har ya ɗaye min fatar yatsa.

Na leƙa ta tagar falo. Mamana tana tsaye a tsakar ɗaki da takalmi ƙafa ɗaya, ta ɗaga kai tana kallon wani abu da ya fi ƙofa tsawo. Ni ban ga komai ba. Gashinta kawai ke motsi.

Dukan ya tsaya.

"Baba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ya ce ƙarfen ya ƙone shi. Ya ce wa ya sa."

"Kar ki amsa, Mamana."

"Na ce masa kai ne."

Na jijjiga rodin tagar falon. Ko gezau.

"Ya ce kai ba zai taɓa ka ba."

Ban san lokacin da na isa shagon mai walda ba. Muka dawo da tsani da injin yankan ƙarfe, muka zagaya bayan ɗaki. Aikinsa mai kyau ne, Allah ya sani. Kowane rodi sai da ya ci mana lokaci, ina ƙasa ina kiran sunanta, ba ta amsawa.

Rodin ƙarshe ya faɗi.

Wani abu ya fito. Hucinsa ya wurgo mai walda daga kan tsani, ya babbake min gira, ya danne ni a ƙasa har numfashina ya ɗauke. Sannan ya wuce.

Kwaɗunan nan uku, ina taɓa su suka buɗe.

Na same ta zaune, ko ƙwarzane babu, idonta a buɗe. Tun daga ranar ba ta sake cewa uffan ba. In an ba ta abinci ta haɗiye, in an kwantar da ita ta kwanta. Likitoci sun duba sun ce lafiyarta ƙalau. Tsohuwar ta zo ta kalle ta, ta kalli tagar, ta fita ba ta ko zage ni ba. Matata kuwa ta daina haɗa ido da ni.

Ba mu tashi daga gidan ba, ba za mu iya ba. Duk magariba muryar Mamana tana zuwa ta bayan bango.

Na cire tagar. Na fasa bangon har ƙato zai wuce a tsaye. Na cire ƙofofin duka, ɓarayi suka shigo suka ɗauke sabon keken ɗinkin da na saya, ban ko bi su ba.

Jiya ma ta zo. Ina tsaye a bakin ramin, jikinta yana zaune a bayana kan tabarma.

"Baba, buɗe min."

"A buɗe take, Mamana. Shigo."

"Ƙarfe nake gani, Baba. Ka daina fushi, na samo takalmin."