Man Tabkin Lugu

Duk mai ɗibar gansakuka a tabkin bayan Lugu sai ya ajiye wa mai wurin, wato aljanar ruwan, gumba. Rabo ya ce wannan shirka ce. Ya cika buhunansa, ya koma Dogon Dutsi ya tatse mai. Gaskiya ya faɗa, amma ko addu'a bai yi a bakin ruwan ba.

'Yarsa na kwance, ta rame har wuya ba ya ɗaukar kai. Likita ya ce ba za a ba ta man ba sai na'ura ta nuna akwai kitsen omega, mai gina jiki, a ciki. Bayan isha'i Rabo na labo, ɗakin gwaje-gwajen da yake aiki, shi kaɗai, yana ɗiga mai a gilashi, haske na ratsa shi, layin allon na'urar na kwance. Babu komai. Ya yi ta sakewa.

"Ɗan nan, kayana kake aunawa?"

Wata doguwar mata ce a bayansa, zaninta na warin laka. Bai ji buɗe ƙofa ba.

"Inna, don Allah ki fita. Yarinyata za ta mutu."

"Abin da kake nema na kwashe shi tun a hanya. Matsa."

Ta sa tafin hannunta gaban fitilar. Hasken ya ratsa shi kamar ruwa, layin allo ya miƙe sama.

"Ka ga akwai. Zan ba ka," ta ce a hankali. "Yaya sunan yarinyar?"