Ƙananan Gyare-gyare

A shekarar rikicin tazarce, da safiyar wata Talata, manoman Jiratawa suka kawo ƙara kwamisariyar 'yan sandan Maraɗi: an sace musu ruwa. Albasarsu ta bushe, alhali famfo bai daina aiki ba. Sun taho da Mati mai gadin famfo, ɗaure da igiya.

Insifekta Sha'ibu ya same shi a bayan kanta.

"Ranka shi daɗe, ni ƙofa nike tsaro. Ordinata ke buɗe ruwa, ita ke rufewa. Ko sunana ban iya rubutawa."

Gaskiya ya faɗa. Wata manhajar kwamfuta ce ta kyauta ke raba ruwan bi da bi, ana buga mata umarni a baƙin allo, kuma kowa na iya duba cikinta. Mansura ce ta rubuta ta, a wani shago a Sabon Gari. Can Insifekta ya same ta.

"Akwai kafa a cikinta," in ji Mansura. "Duk wanda ya san ta zai iya aiko umarni daga nesa ba tare da lambar sirri ba. Na toshe ta tun watan jiya."

"To mi ya hana na Jiratawa su ɗauki sabuwar?"

Ta buɗe sanarwar da ta fita tare da sabuwar manhajar. Layi ɗaya ne: ƙananan gyare-gyare. Ta juyo wurin Insifekta.

"Ni cewa na yi a rubuta: matsalar tsaro, a sabunta yau. Malam Idirisa na Tibiri ke tsara mana sanarwa."

An tare hanya saboda zanga-zanga, sai da Insifekta ya bi ta gonaki a kan moto, babur ɗinsa. Ya tarar da Idirisa yana shan shayi.

"Insifekta, ƙasa na cikin wannan hali, in ƙara tsorata talakawa? Abin bai kai ya kawo ba."

"Haka ne. Kai ma da ita kake aiki?"

"Da ita muke ba gonar lakwal, makarantarmu, ruwa."

"Buga mini umarnin da ke nuna wacce gare ka."

Idirisa ya buga. Allo ya nuna sabuwa ce, an sa ta ranar da ta fito.

"Malam, ka ce wa mutane babu rami a hanya, kai kuma ka kewaye. Wa gare ka a Jiratawa?"

"Ba kowa."

"Gona ɗaya ce kore shar a can. Ta surukinka ce."

Idirisa ya ajiye kofin shayin.

"Sau ɗaya na yi niyyar bi ta kafar in karkata masa ruwa, wallahi. Tsohon ya kusa rasa shukarsa. Bayan nan in na gyara sanarwar, na tona kaina. In na bari, wani na iya shiga. Kullum ina cewa gobe."

"Goben nan Mati ya kwana a cikinta."

Mai ɓoye wa jama'a haɗari ɓarawo ne, ko da lafazinsa ya fi zuma.

Aka kai Idirisa Maraɗi da ankwa. Da aka buɗe wa Mati, bai kalli Idirisa ba. Ya ce:

"Ranka shi daɗe, wa zai faɗa wa mutanen gari ba ni ba ne?"

Insifekta ya ɗauki makullin moto. "Hau. Ni zan faɗa, kuma a fili."