Sarkin Wasa da Dodon Gada

Akwai wani yaro da 'yan ajinsu ke kira Sarkin Wasa. In ya ce wasan bidiyo ya yi kyau, kowa zai nema. In ya ce bai yi ba, to wasan ya mutu.

Wasan da ya fi so shi ne Tsibirin Fitilu. Ya gama kashi na farko tuni. Rannan sai ga Kawu ya kawo masa faifan kashi na biyu.

Ko takalmi bai cire ba ya kunna. Wata tsohuwa ta fito a talabijin tana yi wa jarumin wasan bayani. Yaron ya yi ta danna maɓalli yana tsallake maganarta.

"Ba ka karantawa?" in ji Umma.

"Umma, ni fa Sarkin Wasa ne. Surutu kawai take yi."

Ya isa wata gada, ya tarar da dodo a kwance. Ya kai masa sara, dodo ya make shi. Ya sake, aka sake make shi. Ya jefar da rimot a kan kujera yana huci.

Washegari abokinsa Dogo ya tare shi a ƙofar aji.

"Gwaggona ta kawo min kashi na biyu. Ya yi kyau?"

"Shirme ne! Kada ka ɓata lokacinka."

Jikin Dogo ya yi sanyi. "To, bari in yi musaya da shi kawai."

Da yaron ya koma gida, sai ya tarar da ƙanwarsa Auta a gaban talabijin. Ya tsaya baki buɗe. Jarumin yana bisa bayan dodo, suna shawagi a sama! A ƙasa fitilu na kamawa ɗaya bayan ɗaya, teku na ƙyalli, ga wani kiɗa mai sanyi. Bai taɓa ganin wasa mai kyau haka ba.

"Ke! Ya aka yi kika kashe shi?"

"Ban kashe shi ba, Yaya. Ƙaya ce a ƙafarsa. Tsohuwar ta ce a cire masa."

"Yaushe ta faɗa?"

"Tun farko mana. Ni dai a hankali nake karatu."

Umma ta yi dariya. "Ka gani? Sauri ya haifi nawa."

Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya tuna da abin da ya faɗa wa Dogo.

Da safe ya ruga makaranta. Ina! Dogo ya riga ya ba wani maƙwabcinsu faifan, ya karɓi tsohon wasan mota. Maƙwabcin kuma ya ce musaya ta zauna.

Malama ta gan su jugum, ta tambayi dalili. Yaron ya faɗa mata komai.

"Har ina ka kai a wasan kafin ka yanke hukunci?"

"Gadar farko," ya ce, kansa a ƙasa.

"Abokinka ya yarda da kai ne. Yanzu me za ka yi?"

Da yamma ya sa faifansa a jaka. Ransa bai so ba ko kaɗan, don ko hawa dodon bai yi ba tukuna. Ya je ya miƙa wa Dogo.

"Ka yi haƙuri. Wasan ya fi na farko kyau. Riƙe nawa har ka gama."

Dogo ya juya faifan, ya yi murmushi. "Ni kaɗai? Shigo mu yi tare. Amma ka kira Auta, ita ce Sarauniyar Wasa."

Su uku suka zauna. Da tsohuwar ta fito, yaron ya ɗauke yatsansa daga maɓalli, ya karanta musu maganarta har ƙarshe.

Tun daga ranar ya koyi darasi. Kada ka kushe abin da ba ka bi shi a hankali ba, domin wani zai iya yin asara saboda maganarka.