Alƙur'anin Malam Sanusi Ya Ɓace

Ranar Alhamis da hantsi aka kira Insifekta Ramlat Ja'afaru zuwa tsohon masallacin Cheetham Hill. Ginin jan bulo ne, coci ne a da. An gama gyaransa, jibi za a buɗe shi ga masu ziyara, sai ga shi jiya Laraba an ɗauke abin da kowa zai zo gani: Alƙur'anin da limamin farko, marigayi Malam Sanusi, ya rubuta da hannunsa.

Hajiya Zubaida, shugabar kwamitin gyara, ta tarye ta a ƙofa.

"Shekara shida muna fama da kansul, hukumar gari, don kada a rushe ginin nan. Ko ana so ko ba a so, Asabar za mu buɗe."

Ramlat ta duba. Akwatin gilashin da aka ajiye Alƙur'anin a ciki lafiya lau, da makulli aka buɗe shi. Tagar baya ce a fashe, amma gilashin a waje ya zube.

"Makulli nawa ne, Hajiya?"

"Biyu. Nawa ba ya barin jakata."

"Nuna mini."

Hajiya ta laluba, ta sunkuyar da kai. "A durowar ofis nake barinsa."

Ladanin masallacin, Baba Maikano, ɗan marigayin ne. Bai jira tambaya ba.

"Ki nemi yarinyar nan Delight da suka ɗauko daga Birmingham. Ni ban taka ɗakin ba tun Talata."

Washegari Ramlat ta sami Delight a unguwar Perry Barr da ke Birmingham. Masaniyar adana tsofaffin littattafai ce, kuma ɗalibai talatin sun shaida tana aji ranar Laraba.

"Takardun ba a ɗinke suke ba," in ji Delight. "Wanda ya kwashe su haka nan, sai sun tarwatse. Sai dai in ya haɗa da gafakar."

"Wace gafaka?"

"Jakar fatar da ake ajiye shi. Tana cikin wani loko a bayan mumbari. Ni ma sau ɗaya aka nuna mini."

"Wa ya nuna miki?"

"Baba Maikano."

Asabar da safe Ramlat ta leƙa lokon. Ba komai. Ta juya, ga Baba Maikano tsaye.

"Baba, ɓarawon waje ba ya fasa taga daga ciki. Bai kuma san gafaka ba."

Tsohon bai ko ƙifta ido ba.

"Ni na ɗauka. Yana gidana a Old Trafford, a bisa kabad. Shekara uku ubana yana rubuta shi bayan ya taso daga masaƙa. Don a karanta ya rubuta, ba don a kulle a gilashi ana ɗaukar hoto ba."

"Ka fasa taga, ka jefa wadda ba ruwanta cikin zargi."

"Wannan na yi laifi. Ki nema mini gafararta. Sauran kuwa, ban yi nadama ba."

A waje layi ya kai bakin titi. Hajiya Zubaida ta zare sakata da hannunta, tana share ido.

"Motarmu tana ƙofar baya, Baba," in ji Ramlat a hankali. "Ba wanda zai gan ka."

Ya gyara hularsa.

"Shekara arba'in ta ƙofar gaba nake shiga, 'yata. Ta gaba zan fita."

Mutane suka dare biyu, ya ratsa ta tsakiyarsu, Ramlat na biye.