Dalma a Hancin Jirgi

Da hantsi aka kawo rahoton, sai da Sufeto ya sa aka maimaita masa: wai an sace injin jirgin yaƙi a garejin wani likitan haƙori. Da ya je, ashe jirgin irin na rimot ne, amma fiffikensa ya fi tsawon mutum. Manya da wasan yara, in ji shi a zuci. Sai dai idon Likita ya yi ja, ba wasa a ciki.

"Ni da Yayana muka haɗa shi," in ji Likita. "Da aka zo zaɓen inji, Yaya ya ce a sa mai silinda ɗaya, ya fi sauƙi. Surukina, mijin 'yata, ya ce jirgi mai nauyi haka sai na fetur mai silinda biyu, ba ya jijjiga jiki. Na bi ta surukin."

"Su wa ke da makulli?"

"Mu uku."

Sufeto ya buɗe murfin hancin jirgin. Inda injin yake an ɗaure dunƙulen dalma cikin tsumma. Likita ya yi mamaki, ya ce ba shi ya sa ba, amma in babu nauyi a gaba jirgin zai faɗa kan wutsiyarsa ta tsage. Ɓarawo mai tausayi ke nan. Sufeto ya mayar da murfin, ya ce Likita ya ja bakinsa kan maganar dalmar.

Aka kira surukin, ya zo yana sunne kai.

"Rabona da garejin nan tun ranar da aka ɗora injin, ranka ya daɗe."

"Maƙwabta sun ji ƙarar inji jiya da rana, kuma sun ga motarka."

Nan surukin ya amsa. Ya zo ya gwada injin a ɓoye ne, don tsoron kada zaɓinsa ya kunyata shi gaban surukinsa. Ya rantse a jikin jirgin ya bar shi. Sufeto ya san in bai samo gaskiya ba, yaron nan zai shiga sel, auren 'yar Likita kuma ya girgiza.

Yaya ya iso, dattijo mai kantin magani, ya ce shi bai sake taɓa jirgin ba tunda aka raina shawararsa. Ya harari surukin.

"Ga mai silinda biyun nan, ku tambaye shi."

"Saje, ɗauki jirgin a kai ofis," in ji Sufeto.

Saje ya cafki wutsiya ya ɗaga sama kamar kaza.

"A hankali mana," in ji Yaya da sauri. "Dalmar za ta kwance ta fasa murfin."

"Wace dalma, Baba?" in ji Sufeto. "Ai murfin a rufe yake."

Dattijon ya dubi murfin, ya dubi ƙanensa. Can ya ce injin yana bayan kantinsa, ko ƙwarzane babu.

"Ni na koya masa riƙe sifana," ya ce yana nuna ƙanensa. "Yaron jiya ya shigo gida, maganata ta zama ta tsofaffi. Kishi na ji, ba zan ɓoye ba. Kuma na san zaɓinsa ya fi nawa, shi ya fi ci mini rai."

Likita ya roƙa a bar maganar a gida. Sufeto ya ce sai an je ofis tukuna, ai saura ƙiris a rufe marar laifi. Bai sa wa Yaya ankwa ba. Surukin ne ya buɗe wa dattijon ƙofar mota, Yaya ya zagaya ya shiga ta ɗaya gefen.